Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙaramin Layin Dogo na Kan Tebur Ya Fito Kamar na Gaske

Tambaya: Na shafe kusan shekara biyu ina gina ƙaramin layin dogo a kan tebur, a ma'aunin HO, da tasha da gada da 'yan gidaje. Idan na tsaya ina kallonsa sai in ga kamar gaske ne, amma duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar kayan wasan yara: gaban jirgin ya fito tar, bayansa dishi-dishi, launuka kuma sun rikice. Shin sai na sayi kyamara mai tsada, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar sayen kyamara, domin abin da ka bayyana yana faruwa har ga masu kyamarori mafiya tsada, kuma a wasu lokutan babbar kyamara ce ma take ƙara dagula lamarin. Tushen matsalar shi ne ka gina duniya a ma'auni ɗaya, amma kana ɗaukar hotonta a wani ma'aunin. A HO, kowane abu an rage girmansa sau 87, saboda haka mutumin da tsayin idonsa daga ƙasa ya kai mita 1.65, idan aka mayar da shi cikin shimfiɗarka, idonsa zai kasance kimanin milimita 19 ne kacal a saman ƙasa. Duk hoton jirgin ƙasa na gaske da idonka ya saba da shi, irin wannan mutumin ne ya ɗauke shi yana tsaye a bakin dogo ko a kan dandamalin tasha. Shawarar da zan ba ka gaba ɗayanta tana komawa ga wannan ɗan ƙaramin mai hoto, wato ka tambayi kanka inda zai tsaya, da abin da zai gani, da irin hasken da zai sauka a kansa.

Ka fara da tsayin kyamara, domin shi ne gyaran da ba ya cin ko kwabo. Idan ka tsaya ka riƙe kyamara rabin mita a saman tebur, a lissafin HO kana kallo ne daga tsayin da ya haura mita 40, kamar wanda ya hau saman bene mai hawa goma sha wani abu. Kwakwalwar mai kallo tana gane wannan nan take, ko da ba zai iya faɗin abin da ya gane ba. Hujjar hakan tana nan a wata dabara da masu hoto suke yi a juye: su hau wuri mai tsayi su ɗauki hoton gari na gaske, sannan su dusashe sama da ƙasan hoton, sai motoci da mutane na gaske su koma kamar 'yan kayan wasa. Kallo daga sama da dusashewar gaba da baya su ne alamomi biyu da ido yake karanta ƙanƙanta da su, kuma hotunanka suna ɗauke da su duka biyun. Saboda haka ka sauke gilashin kyamara har ya kusa taɓa tsakuwar dogo. Da waya wannan yana da sauƙi ƙwarai, domin kana iya juya ta kai ƙasa yadda gilashin zai koma kusa da tebur, ka jingina ta da wani abu mai nauyi. Da babbar kyamara kuwa, tsakiyar gilashin ba ta sauka ƙasa da santimita uku ko huɗu ko da ka ajiye ta a kan tebur, sai dai ka tsayar da ita a kan sandarta mai ƙafa uku a wajen tebur, ka daidaita tsayinta da gefen shimfiɗar. Inda kyamara ba za ta shiga ba, kamar tsakanin gine-gine biyu, ana ajiye ƙaramin madubi a karkace a ɗauki abin da ya bayyana a cikinsa, daga baya a juya hoton a kwamfuta domin rubutun jikin taragu ya karantu daidai.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda ita ce ta fi cancanci ka zauna ka fahimce ta. Kowane gilashin kyamara yana fitar da abu tar ne a wani nisa guda, tare da 'yar tazara gabansa da bayansa inda ido yake yarda cewa abin bai dusashe ba. Wannan tazara, da zan kira zurfin fitowa, tana raguwa sosai idan ka matso kusa da abin da kake ɗauka. Mai ɗaukar jirgin gaske yana tsaye ne nesa da mita ashirin ko talatin, shi ya sa kan jirgin da taragunsa da tsaunin da ke bayansu duk suke fitowa garau. Kai kuwa kana nesa da rabin mita ko ƙasa da haka. Bari in ba ka lissafi domin ka ga girman abin. A kyamara mai cikakken faranti na milimita 36 (faranti shi ne sashen cikin kyamara da haske yake sauka a kansa ya zama hoto), idan ka tsara hoton yadda faɗin abin da ya shiga ciki zai kai santimita 36, wato kan jirgi ɗaya da ɗan abin da ke kewaye da shi, zurfin fitowa a f/8 (lambar f ita ce ma'aunin ƙofar da haske yake shiga ta cikin gilashi, tana ƙaruwa ƙofar tana ƙuntata) bai wuce kimanin santimita 5 ba. A f/16 zai kai kimanin santimita 10, a f/22 kuma ya doshi 15. Dogon taragon fasinja irin na Turai mai mita 26.4 yana da tsawon santimita 30 a HO, don haka jirgi mai taragu goma ya kai mita uku. Ka ga ke nan ko da ka ƙuntata ƙofar haske iyakar ƙuntatawa, rabin tarago ɗaya ne zai fito idan jirgin yana fuskantarka.

Ƙuntata ƙofar haske, wato ɗaga lambar f, shi ne magani na farko, kuma yana da iyaka. Idan ramin da haske yake bi ya yi ƙanƙanta da yawa, hasken yana bazuwa a gefen ramin, sai dukkan hoton ya yi laushi, har wurin da ka saita. A yawancin kyamarori wannan laushin yana fara bayyana daga f/16 zuwa sama, kuma a masu ƙaramin faranti yana farawa tun kafin nan. Magabata a wannan sana'a, a zamanin fim, sun kai ga huda ɗan ƙaramin rami a siririn ƙarfe su sanya shi cikin gilashin kyamara, su bar ta a buɗe na tsawon daƙiƙu masu yawa, su samu hoto mai zurfi daga gaba har baya amma mai ɗan laushi ko'ina. Sun yarda da wannan ciniki ne saboda sun gane cewa hoto mai ɗan laushi a ko'ina ya fi kama da gaskiya a kan hoto mai kaifi a wuri ɗaya da dishi-dishi a sauran wurare, kuma a ganina sun yi daidai.

A yau akwai hanyar da ta fi wannan, ita ce haɗa hotuna masu saiti daban-daban, wato kowanne an saita gilashi ya fitar da wani nisa dabam tar, su zama hoto ɗaya. Za ka kafa kyamara a kan sandarta yadda ba za ta motsa ko kaɗan ba, ka zaɓi f/8 inda yawancin gilasai suka fi kaifi, ka kashe saitin kai-da-kai, ka ɗauki hoto na farko da saiti a kan abu mafi kusa, ko da ciyawar da ke gaban dogo ce. Daga nan sai ka riƙa murza saitin kaɗan-kaɗan zuwa baya, kana ɗauka a kowane mataki, har ka kai bangon baya. Sau da yawa hotuna goma zuwa talatin suke isa. Manhajoji irin su Helicon Focus da Zerene Stacker, da Photoshop ma, suna zaɓo wurin da ya fito tar a kowane hoto su ɗinke su wuri guda, kuma kyamarori da yawa na zamani daga Olympus da Nikon da Canon suna iya murza saitin da kansu su ɗauki jerin. Akwai abubuwa uku da nake so ka kiyaye a nan. Matakan da ke kusa da kyamara su fi na nesa ƙanƙanta, domin a kusa ne zurfin ya fi zama siriri, kuma idan ka yi tsalle za ka ga wani zirin dishi-dishi ya ratsa tsakiyar hoton wanda ba ya gyaruwa sai ka sake ɗauka. Hasken kowane hoto ya zama iri ɗaya, saboda haka ka saita komai da hannu. Sannan ka duba sakamakon da kyau a kewayen siraran abubuwa kamar wayoyin lantarki da rassan bishiya da ƙarafan gada, domin a nan manhaja take rikicewa ta bar wata inuwa mai kama da hayaƙi, wadda sai an goge ta da hannu daga hoton da ya fi fitar da wurin.

Idan waya kawai kake da ita, kana da wata fa'ida da masu manyan kyamarori ba su da ita. Farantinta ƙarami ne, gilashinta gajere, don haka zurfin fitowarta ya fi yawa tun asali. Abin da za ka yi shi ne ka kashe tsarin ɗaukar hoton fuska wanda yake dusashe baya da gangan, ka ɗan ja da baya daga baya ka yanke gefen hoton, ka taɓa allon a wurin da ya kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon abin da kake son ya fito, sannan ka yi amfani da agogon jinkiri na daƙiƙa biyu ko uku domin kada taɓawar yatsa ta girgiza ta. Gilashin waya mai faɗi sosai yana ba da zurfi mai yawa, amma yana kumbura gaban jirgi ya lanƙwasa turakun da ke gefe, ni dai ba na amfani da shi sai a cikin lungun da babu wata hanya.

Haske shi ne abu na uku, kuma shi ya jawo rikicewar launin da ka ambata. Duniyar gaske rana ɗaya take da ita, mai nisa ƙwarai, shi ya sa kowane abu yake da inuwa ɗaya, inuwoyin duk suna fuskantar gefe guda, kuma hasken da ke kan gidan farko daidai yake da na gidan ƙarshe. Ɗakin da ke da ƙwai uku a rufi yana ba kowace bishiya inuwa uku. Fitilar da ke kusa kuma haskenta yana raguwa da sauri: idan tana nesa da santimita 50 daga gaban tebur da santimita 150 daga bayansa, bayan zai samu kashi ɗaya cikin tara ne na hasken da gaban ya samu, alhali idan ka ja ta zuwa mita uku daga gaba da mita huɗu daga baya, bayan zai samu fiye da rabi. Don haka ka kashe dukkan fitilun ɗakin, ka rufe taga, ka kafa fitila ɗaya mai ƙarfi a nesa iyakar abin da ɗakin ya bari, a gefe kuma sama kaɗan, ta zama ita ce rana. A ɗaya gefen ka tsayar da farin kwali ya mayar da ɗan haske cikin inuwa, musamman ƙarƙashin jirgi inda ƙafafu da ƙarafan tuƙi suke, domin su ne suka fi ɓacewa cikin duhu. Hasken zai yi rauni, amma tunda kyamara tana kan sanda kuma jirgin yana tsaye, babu abin da zai hana ka barin ta a buɗe daƙiƙa biyu ko biyar a kan ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara take jin haske). Filashar da ke jikin kyamara kuwa ka manta da ita, domin tana wanke gaba da fari, ta bar baya cikin duhu, ta kuma sa roba ta yi ƙyalli irin na roba.

Game da launi, kowace fitila tana da nata. Ƙwan fitila irin na da yana ba da haske mai ja-ja na wajen 2700 a ma'aunin Kelvin, hasken rana da tsaka yana wajen 5500, fitilun LED kuma ana sayar da su iri-iri tsakanin waɗannan da sama da haka. Kyamara tana iya gyara launi ɗaya ne a lokaci guda, shi ya sa idan hasken taga da na ƙwai suka haɗu, gefe ɗaya na hoton yake yin shuɗi ɗaya gefen ya yi rawaya. Ka yi amfani da fitila iri ɗaya, ka ajiye farar takarda a kan dogo ka ɗauke ta a hoton farko, ka daidaita farin launi da ita.

Idan wani sashe na shimfiɗarka yana ciruwa, ko kana iya gina ɗan guntun fili mai tsawon mita ɗaya a kan katako domin hoto kawai, to ka fita da shi waje. Babu fitilar da ta kai rana iya kwaikwayon rana, ga kuma sararin samaniya na gaske da bishiyoyi na gaske can nesa su zama maka bango. Ka ɗora shi a kan wani abu mai tsayi yadda gefensa na baya zai haɗu da sararin sama ba tare da katangar gida ta shigo ba. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da hasken yake zuwa a karkace ya shiga ƙarƙashin taragu, kuma kada ka bar kayan su daɗe a rana domin zafi yana lanƙwasa roba ya kuma saki gam.

A cikin ɗaki kuwa, bangon baya yana buƙatar kulawa. Kwali ko ƙyalle mai launin sararin sama, wanda shuɗinsa yake raguwa ya koma fari-fari a ƙasa, ya wadatar, muddin inuwar bishiya ko ta gini ba ta faɗa a kansa ba, domin inuwa a jikin sararin sama tana rushe hoto gaba ɗaya. Ka janye shi baya kaɗan, ko ka sauya kusurwar fitila har inuwar ta sauka a bayan tudu inda kyamara ba ta gani. Haka nan gefen tebur da kan ƙusa da ƙarshen dogo duk ka ɓoye su da wani abu a gaban hoto, kamar shinge ko bishiya ko kusurwar gini, wanda kuma yake ƙara wa hoton zurfi.

Kyamarar da ta sauko ƙasa ba ta rufa wa kowa asiri. Ƙwayar ƙura mai rabin milimita, a lissafin HO dutse ne mai santimita huɗu zaune a kan rufin jirgi, silin gashi kuwa igiya ce. A lokacin hunturu ƙura tana sauka cikin awa guda, saboda haka ka share da buroshi mai laushi da robar hura iska dab da ɗauka, ka kuma ɗauki hoton gwaji ka buɗe shi a babban allo kafin ka ɓata lokaci a kan jerin hotuna talatin. Ka duba ko kowace ƙafar jirgi tana kan dogo, domin ƙafa ɗaya da ta sauka ita ce kuskuren da na fi gani a hotunan da aka sha wahala a kansu. Ka duba ko gine-gine sun zauna daram a ƙasa babu siririn rami a ƙarƙashinsu, ko turaku sun miƙe, ko ƙafafun 'yan mutanen suna taɓa ƙasa. Mutanen da aka ƙera a zaune ko a tsaye suna jira sun fi dacewa da hoto a kan waɗanda aka ƙera suna gudu. Jirgin da ya fito daga kwali yana sheƙi kuma ba ya kama da jirgin da yake aiki, shi ya sa masu wannan sana'a suke shafa masa ɗan launin tsatsa da toka da baƙin mai a wuraren da na gaske yake yin datti.

Idan kana son hoton ya nuna gudu, ka san cewa kilomita 60 a awa daidai yake da kimanin santimita 19 a daƙiƙa a HO, don haka ko a ɗaya cikin talatin na daƙiƙa jirgin ya matsa milimita shida, abin da ya isa ya dusashe shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗora waya a kan buɗaɗɗen tarago a dogon da ke gefe, ka tafiyar da su tare a hankali, sai jirgin ya fito tar bayansa ya ja zare. Hoton dare kuma ana yin sa ne da raunanan haske mai shuɗi-shuɗi da aka haska a rufin ɗaki, a bar kyamara a buɗe daƙiƙa goma ko ashirin, a kunna fitilun gidaje da na jirgi na ɗan sashen lokacin kawai domin kada su ƙone hoton. Wanda ya je Miniatur Wunderland a birnin Hamburg na Jamus, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001 kuma mafi yawansa a ma'aunin HO yake, zai ga yadda suke juya dare da rana a kowane minti 15, kuma hotunan da suka fi kyau a can ana samun su ne a ɗan tsakanin nan na magariba, lokacin da fitilu suka kunnu amma duhu bai gama rufe gine-gine ba. Irin wannan hasken ya kamata ka nema a ɗakinka.

Game da gyara a kwamfuta, ra'ayina shi ne haɗa saiti da daidaita launi da goge ƙura duk halal ne, domin suna mayar da hoto ga abin da ido ya gani. Sanya sararin sama na gaske ko zana hayaƙi shi ma babu laifi, amma ka faɗa idan ka nuna hoton ga 'yan'uwa masu gini, domin suna kallon hotonka ne su auna aikin hannunka.

Akwai wani nau'in hoto kuma da bai kamata ka bari ba, ko da ba shi da kyan gani. John Allen, wanda ya gina shahararren layin Gorre & Daphetid a ma'aunin HO a gidansa da ke Monterey a jihar Kalifoniya ta Amurka, sana'arsa ta asali ɗaukar hoto ce, kuma ya yi amfani da madubai da ƙanƙanta gine-ginen baya domin wuri ya yi kamar ya fi girmansa. Ya rasu a watan Janairu na 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye shimfiɗar, kuma mafi yawan abin da mutane suka sani game da ita a yau ta hotuna suka san shi. Saboda haka bayan hotunan da kake ɗauka daga bakin dogo, ka hau kujera ka ɗauki dukkan teburin daga sama sashe-sashe, ka shiga ƙarƙashinsa ka ɗauki yadda wayoyi suka bi da inda kowace ta haɗu, ka rubuta kwanan wata a sunan kowane hoto, sannan ka ajiye kwafinsu a wani wuri dabam da gidan da teburin yake.